Abin da awon hawan jini a zangunan Kumasi ya koya mini

Duk wanda ya taɓa aikin lafiya a Aboabo, Asawase, Sabon Zango ko Akwatia Line ya san yadda ranar awo kyauta take kasancewa. A kafa rumfa a ƙofar masallaci, a jera kujerun roba, ladan ya yi sanarwa, kafin azahar an auna mutum ɗari biyu ko ma uku. A ɗauki hoto, a rubuta rahoto, a naɗe rumfa, kowa ya kama gabansa. Bayan wata shida ka dawo ka tambaya: cikin waɗanda aka tarar jininsu ya hau, nawa suka je asibiti, nawa ke shan magani har yau, nawa ne jinin nasu ya sauka? Da wuya ka sami mai amsa. Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, lambar da na'ura ta nuna ba ta da amfani sai da sharaɗi uku: an same ta ta hanyar da ta dace, an rubuta ta a gaban sunan mutumin da za a iya sake nemowa, kuma an dawo an sake auna shi. In ɗaya ya faɗi, wahalar ranar ta tafi a banza.

Abin da ya sa ake bin mutane da na'ura har cikin unguwa shi ne hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum na iya yin shekara goma da shi yana cin kasuwarsa a Kejetia, babu ciwon kai babu jiri, alhali naman zuciya na kauri, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na rauni, ƙoda na lalacewa a hankali. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a Gana a 2014 ya tarar kashi 13 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna da hawan jini, cikinsu kuwa kashi 63 na matan da kashi 86 na mazan ba su san suna da shi ba. Wannan ba a ma sa dattawa a lissafi ba, su da abin ya fi yi wa yawa. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Gana da Nijeriya, har da asibitin koyarwa na Komfo Anokye nan Kumasi, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki ana iya danganta shi da hawan jini. Ke nan yawancin waɗanda muke gani ana jan ƙafarsu zuwa masallaci da sanda, da an kama abin da wuri da ba a kai nan ba.

Dabarar bin mutane ɗaya ɗin tsawon shekaru ta daɗe. A 1948 aka fara bibiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana duba su duk shekara biyu, kuma daga nan duniya ta tabbatar cewa hawan jini, shan taba da yawan kitse a jini su ne kan gaba wajen jawo ciwon zuciya. A nan gida ma cibiyoyin binciken lafiya na Navrongo, Kintampo da Dodowa suna zagaya gidaje lokaci-lokaci suna rubuta haihuwa, mutuwa da ƙaura. Zango ba ya buƙatar abu mai girman wannan. Littafi guda mai kyau da mutum biyu masu naci sun isa a fara.

Bari in tsaya a kan awon kansa, domin a nan ɓarna take farawa, kuma ɓarna ce da ba a gani.

Abu na farko ɗamarar da ake ɗaurawa a damtse. Yawancin na'urori suna zuwa da matsakaiciya, wadda ta dace da damtsen da kewayensa ya kai santimita 22 zuwa 32. Iyayenmu mata da yawa, musamman masu zaman kasuwa da masu sayar da abinci, damtsensu ya wuce haka. In ka matsa ƙaramar ɗamara a babban hannu, sai na'ura ta ƙara wa lambar sama maki biyar, wani lokaci har kusan ashirin in hannun ya yi girma sosai. Matar da jininta 132 ne sai a rubuta mata 148, a tura ta asibiti da fargaba. Akasin haka ma yana faruwa: babbar ɗamara a siririn hannun dattijo tana rage lambar, a sallame shi alhali yana buƙatar magani. Don haka kada a fita aiki sai da tef na tela da ɗamara aƙalla biyu, matsakaiciya da babba mai santimita 32 zuwa 42. A auna kewayen damtse a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Daƙiƙa goma ne aikin, amma shi ake fara tsallakewa da layi ya yi tsawo.

Sai zama. Mutum ya zauna minti biyar cur kafin a danna komai, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da tsayin zuciya. Bencin masallaci da ba shi da majingina bai dace ba, haka ma tabarma. Hannun da aka bari yana lilo a gefe ko aka ɗora a cinya yana ƙara maki huɗu zuwa bakwai. Fitsari a mara yana ƙara kusan goma. Magana ma tana ƙarawa, kuma wannan ita ce mafi wuyar hanawa a wurinmu, don gaisuwa ba ta yankewa. Ka ɗaura wa Hajiya ɗamara, maƙwabciyarta ta iso, sai “ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya mai jiki,” na'ura kuwa tana ta aikinta. Abin da ke aiki shi ne a gama gaisuwa tsaf tun kafin a ɗaura, sannan a ce mata: “Mma, ki jingina bayanki, ki sauke ƙafa biyu. Na'urar nan ba ta son magana, ni ma zan yi shiru har ta gama.” Mai awon shi ma ya kame bakinsa. A kuma ajiye teburin awo nesa kaɗan da inda ake jira, baya ga jama'a.

Tufafi ma matsala ne. Ɗamara kan fata ake ɗaura ta, ƙasanta yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, alamar da ke jikinta tana kan jijiyar ciki. Hannun jallabiya ko abaya da aka naɗe sama har ya shaƙe damtse yana ɓata awo. Mata ba za su zare hannu daga riga a gaban maza ba, kuma suna da gaskiya. Labule ɗaya da mace mai awo sun warware wannan. Inda babu su, za ka ga ana ɗaura ɗamara a kan riga biyu da hijabi, lambobin ranar duka kuwa babu abin dogaro a cikinsu.

Tambayar da ba ta cikin takardun da ake kawowa daga waje, amma dole a yi ta a zango, ita ce ta goro. “Alhaji, an ci goro da safen nan?” Goro, ataya, kofi, sigari, tabar shaƙa da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗaga jini na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki ya jira minti talatin. Haka wanda ya sauko daga keke ko ya taho da sauri cikin rana. Shi ya sa bayan sallar Juma'a, duk da taron da ake samu, lokaci ne mara kyau: zafi, cunkoso, kowa na sauri ya koma shago. Bayan asuba ko bayan la'asar sun fi.

Awo ɗaya ba awo ba ne. A yi uku, a bar minti ɗaya ko biyu tsakani, a jefar da na farko, a ɗauki matsakaicin na biyu da na uku. Na farko kusan kullum ya fi yawa, saboda fargabar na'ura da ta mai farar riga. A zuwan farko a auna hannu biyu, wanda ya fi yawa shi za a riƙa amfani da shi daga ranar, a rubuta shi a littafi. A kuma rubuta lambar yadda ta fito. In 138 ce a rubuta 138. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko ma'aikaci yana gyara lamba: ka buɗe shafi, ka ƙirga awo nawa ne suka ƙare da sifili. Da na'ura mai batir bai kamata su wuce ɗaya cikin goma da yawa ba. In ka ga rabin shafi 120, 130, 140, to ana kintace ne. Illarsa ita ce 136 da 144 duk su koma 140, alhali a nan iyaka take.

Na'urar kanta a duba ta. Mai allura, wadda ake hurawa da hannu, tana kaucewa in ta sha faɗuwa ko jijjigar pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, kuma tana buƙatar a gwada ta da wata amintacciya duk wata shida. Mai batir ta damtse ta fi dacewa da aikin unguwa, in dai irin wadda aka tabbatar da ingancinta ce. Ta wuyan hannu a bar ta. A tafi da batir na ajiya, a duba tiyo ko ya tsage, a duba mannin ɗamara ko ya saki. In na'ura ta nuna alamar bugun zuciya ba daidai ba, ko ta ƙi ba da lamba sau biyu, a ɗora yatsu a wuyan hannu minti guda. Bugun da ke tafiya ba tsari yana iya zama cutar da ke sa jini ya daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa, mai shi kuma likita zai gani ko da jininsa bai hau ba.

Hukuncin lambobi gajere ne. Na'ura lamba biyu take nunawa, ta sama da ta ƙasa: in ta sama ba ta kai 140 ba, ta ƙasa kuma ba ta kai 90 ba, a faɗa wa mutum lambarsa, ya dawo baɗi. In ya kusa iyaka, ko yana da ciwon suga ko ƙiba, ya dawo da wuri. Daga 140 ko 90 zuwa sama, ba a ce masa yana da hawan jini a ranar, sai an sake aunawa a wata rana daban cikin mako ɗaya zuwa huɗu. Daga 180 ko 110, asibiti a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, nauyin hannu ko ƙafa, ɗaurewar harshe ko dushewar gani, babu jira ko na minti, a nemi mota. Mai ciki hukuncinta daban: 140 ko 90 kawai ya isa a kai ta a ranar, 160 ko 110 kuwa gaggawa ce. Kada wani ya ba da ƙwaya a rumfa don a faɗo da jini nan take, saukar da shi da ƙarfi na iya jawo shanyewar da ake gudu.

Yanzu littafi. A ganina nan ne ake bambanta wanda ya zo aiki da wanda ya zo wucewa.

Sunan da ke kan katin shaidar ɗan ƙasa na Gana sau da yawa ba shi ne sunan da unguwa ta sani ba. A layi guda za ka sami masu suna ɗaya da yawa, kuma in ka shiga gidan haya mai ɗaki ashirin kana neman mace da sunanta na yanka, sai a ce ba a san ta ba, alhali ga ta can tana tuyar ƙosai, kowa na kiran ta da sunan ɗanta na fari ko da sana'arta. Don haka kowane mutum gurbi biyu na suna: na kati da na unguwa. Sai sunan mai gidan da yake zaune, da wata alama ta kusa, masallaci ko famfo ko injin niƙa. Adireshin GhanaPost GPS da aka fito da shi a 2017 yana taimakawa in an ɗauke shi a ƙofar gidan, amma a lungunan da gidaje suka cakuɗe sunan mai gida ya fi saurin kai ka. Lambar waya biyu, tasa da ta wani na kusa da shi, kuma a kira lambar nan take a ji ta yi ƙara a aljihunsa. Lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ta isa ta ɓatar da mutum har abada. Dattijon da bai san shekarunsa ba a tambaye shi da abin da ya faru: yana da wayo lokacin samun 'yancin kai a 1957, ko lokacin da aka kori baƙi a 1969, ko ya riga ya yi aure lokacin yunwar 1983? Sauran gurabun su ne awo na biyu da na uku, hannun da aka auna, girman ɗamara, ko yana shan magani da sunan maganin, ko akwai ciki, sai ranar dawowa. A ba shi ƙaramin kati mai ɗauke da lambobin nan ya sa a cikin katin inshorarsa.

Littafin amana ne. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta shafi irin wannan, amma ko babu doka, kowa ya san yadda magana ke yawo a zango. Kada a ɗaga murya a faɗi lambar mutum a gaban layi. Kada a bar littafi a buɗe kan tebur, kada a ɗauki hoton shafi a tura a zauren WhatsApp. Mace ɗaya ta ji kishiyarta ko surukarta ta san ciwonta daga bakin wani, ba ita kaɗai za ka rasa ba, gidan gaba ɗaya ne.

Akwai kuskuren da rahotanni ke yawan yi: a ce kashi kaza na mutanen unguwa na da hawan jini, alhali waɗanda suka zo rumfa kawai aka auna. Masu zuwa rumfa su ne mata, tsofaffi, da waɗanda dama sun san suna da ciwon suna son awo kyauta. Waɗanda ba sa zuwa su ne maza masu shekara 30 zuwa 55: direbobin tirela da na trotro, wato ƙananan bas na haya, mahauta, 'yan gwangwan, masu ɗaukar kaya, dillalan shanu, waɗanda ke fita kafin gari ya waye su dawo bayan isha. Maza ne kuma binciken ƙasa ya nuna sun fi mata rashin sanin halin da suke ciki. Sai an bi su tasha, mayanka, da majalisun ataya da dare. In ana son a san halin unguwa da gaske, sai a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, a ƙirga manyan da ke kwana a kowanne, a auna su duka, wanda ba ya nan a koma masa har sau uku. In ba a yi haka ba, rahoto ya faɗi gaskiya: cikin waɗanda suka zo ne.

Tsakanin “je ka asibiti” da isa asibitin akwai rami mai zurfi. Mai shago zai rasa cinikin yini, ga kuɗin mota, ga layi, jikinsa kuma ba ya masa ciwo. Abu mafi yawan tare hanya shi ne katin inshorar lafiya da ya mutu. Inshorar ƙasa tana ɗaukar ganin likita da manyan magungunan hawan jini, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#, don haka a duba katin tun a teburin awo, a taimaka masa ya sabunta kafin ya tashi. Takardar turawa ta zama mai ɓari biyu, ɗaya ya tafi da shi, ɗaya ya zauna a littafi. A faɗa masa sunan asibitin, ranar da ake ganin masu hawan jini, da ƙarfe nawa ya kamata ya isa. Bayan mako biyu a kira. In bai je ba a tambayi dalili ba tare da faɗa ba, a rubuta dalilin, domin dalilan nan in sun taru su ne ke nuna inda tsarin ke yoyo. Tun farko a haɗa kai da nas ɗin unguwa ta tsarin CHPS, wato tsarin gwamnati na kai aikin lafiya cikin unguwanni, ita ce za ta ci gaba da ganinsu bayan kowa ya watse, ta hannunta kuma alƙaluman ke shiga rumbun bayanan Hukumar Lafiya ta Gana. An gwada a nan yankin Ashanti cewa nas-nas da aka horar suna iya kula da hawan jinin da bai rikice ba, jini kuma ya sauka. Limami da magajiya, wato shugabar matan unguwa, su ma a sa su a ciki. Kalma ɗaya daga bakin liman bayan sallar magariba ta fi kiran waya goma.

Wanda ya fara magani ma ba a gama da shi ba, don a wata uku na farko ake yawan zubar da shi. Dalilan sanannu ne, kuma kusan duka ana iya tare su da bayani tun ranar farko. Amlodipine yana kumbura idon sawu ga wasu, sai a ɗauka ƙoda ce ta lalace. Lisinopril yana kawo busasshen tari mai naci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, haka losartan. Bendroflumethiazide yana sa yawan fitsari, mai riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar zai ji shi. Maza kuma suna tsoron raunin mazakuta, ba za su faɗa ba sai ka buɗe musu ƙofa a keɓe. Duk waɗannan ana canja magani a kansu, abin da ake roƙo shi ne mutum ya dawo ya faɗa maimakon ya daina a ɓoye. Sai babban rashin fahimta: an saba da maganin zazzaɓi, ka sha na kwana uku ka warke. Mutum ya sha na wata guda, ya auna a kemis ya ga 128, ya ce alhamdu lillahi na warke. Dole a faɗa masa a fili cewa maganin ne ya riƙe jinin, ranar da ya saki zai koma. Yawancin mutane kuma ƙwaya ɗaya ba ta isar su. Gwajin CREOLE da aka yi a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Ƙarin ƙwaya ta biyu ba alamar ciwo ya yi tsanani ba ne, a gaya masa haka.

A riƙa tambayar abin da mutum ke sha ban da na asibiti. Diclofenac da ibuprofen da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum don ciwon jiki suna ɗaga jini, suna kuma cutar da ƙoda. Wasu magungunan mura, wasu ƙwayoyin tsarin iyali, da mayukan bilicin masu ƙarfi su ma haka. Mai shan sassaƙe ko zoɓo da tafarnuwa kada a ci masa fuska, in ka zage shi ba zai ƙara gaya maka gaskiya ba. A ce masa ya kawo abin a gani, kada kuma ya ajiye na asibiti saboda shi.

Azumi yana buƙatar shiri tun watan Sha'aban. Yawancin magungunan hawan jini sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da su bayan buɗa-baki ko lokacin sahur. Mai sa fitsari ya fi dacewa da bayan shan ruwa, don kada mutum ya bushe da rana. Mai ciwon suga ko ƙoda, ko wanda jininsa bai daidaita ba, ya ga likita kafin a ga wata. Haka maniyyaci, da ɗan kasuwar da zai yi wata biyu tsakanin Bawku, Wagadugu da Yamai: a tambayi ranar tafiya, ya nemi maganin da zai ishe shi, a rubuta a littafi cewa ya yi tafiya don kada a lissafa shi cikin waɗanda suka ɓace.

Maganar gishiri kuwa, “rage gishiri” kawai ba ta shiga kunne, kowace uwar gida za ta ce ita ba ta sa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, daga duk abin da ya ci. Hanyar da ke sa mutum ya gani da idonsa ita ce lissafin leda. A ce ledar gishiri mai giram 500 tana ƙarewa cikin kwana goma a gidan mutum takwas: kowa ya ci fiye da giram 6 a yini ke nan, tun ba a sa dunƙulen magi ba, wanda kusan rabinsa gishiri ne, ba a sa kifin gishiri irin koobi da momoni ba, ba a sa shito, wato soyayyen barkono, da yajin tsire ba, ba a sa wake da shinkafar da aka saya a bakin titi da safe ba. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishiri. Shawarar da ake iya bi ita ce a rage sannu a hankali cikin makonni har harshe ya saba, a jiƙa kifin gishiri a zubar da ruwan, in an sa magi a rage gishiri, a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da albasa. A yi maganar da mai riƙe da tukunya. Gaya wa Alhaji shi kaɗai ba ya canja miya.

In da hali a haɗa da awon ƙugu da na suga. Tef a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi: daga santimita 80 ga mace, 94 ga namiji, haɗari ya fara. Suga kafin karin kumallo daga 7.0 a tura a tabbatar, kuma a wanke yatsa da ruwa a bushe kafin a soka, don ragowar lemo ko koko a yatsa na ba da lambar ƙarya.

Ƙarshen kowane wata a zauna da littafi a fitar da lambobi shida: nawa aka auna, nawa jininsu ya hau, nawa suka dawo awo na biyu, nawa suka isa asibiti, nawa ke kan magani, nawa ne awonsu na baya-bayan nan ya sauka ƙasa da 140 da 90. Ta farko ita ce ke da daɗin faɗa a taro, ta ƙarshe ita ce ke hana shanyewar jiki. Wajen lissafa ta ƙarshen a raba da duk waɗanda aka tabbatar suna da ciwon, har da waɗanda suka daina zuwa. In ka raba da masu zuwa kawai, sakamako zai yi kyau a takarda domin ka cire waɗanda suka fi shiga haɗari.

Shafin ƙarshe na littafin a ware shi don waɗanda suka rasu ko jikinsu ya shanye. Muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, da yawa kuma a gida suke cikawa, don haka dalilin rasuwa ba ya shiga ko'ina. Sai a ji “ya faɗi a banɗaki” ko “ta kwanta ba ta tashi ba.” Bayan addu'ar bakwai, in an je gaisuwa, ana iya neman izinin wanda ya yi jinya a tambaye shi a hankali: bakinsa ya karkace, ya yi kukan ƙirji, ƙafafu sun kumbura, yana kwana a zaune saboda numfashi, yana shan maganinsa har zuwa lokacin? A rubuta amsar da kwanan wata a gaban sunansa. Kafin a fito kuma a nemi a auna manyan gidan, 'ya'yansa da ƙannensa musamman, don hawan jini yana bin jini, kuma a makon nan ba wanda zai ce maka ba shi da lokaci.